Ƙugun Kawu: yadda ake ciki tun ranar hatsarin

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Yau kwana biyu da hatsarin, sai yanzu na samu sukunin zama in rubuta wani abu. Dangi na Kano da Damagaram sai kira suke, kowa da irin labarin da ya ji, don haka zan riƙa ajiye bayani a nan. Aikina gashin ƙashi ne, a Katsina nake yi, gida kuma Daura. Kawu ƙanen Inna ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma da kuɗin geronshi da gyaɗarshi na yi karatun da nake cin abinci da shi yau. Shekararshi 52.

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya ya taso daga Katsina zai koma gida a motar haya, hazo ya rufe hanya. Su biyu aka loda a kujerar gaba kamar yadda aka saba, gwiwarshi ta dama a matse da gaban mota. Dab da Shargalle suka yi taho-mu-gama da wata motar kaya. Direban ya rasu nan take, Allah ya jiƙan shi.

Bugun a gwiwa ya sauka, amma ɓarnar a ƙugu ta tsaya. Ƙarfin ya bi ƙashin cinya har sama, kan ƙashin ya daki bayan gurbin da yake zaune a ciki, ya fasa shi, ya fice ta baya. Ina ganin shi a kwance na gane: ƙafar ta gajarce, ta juya ciki, gwiwar ta ɗan lanƙwashe ta jingina da 'yar'uwarta. Wajen ƙarfe goma da 'yan mintoci na dare aka yi mashi allurar barci aka mayar da kan ƙashin mazauninshi. Na lissafa, awa biyar da ɗoriya ke nan. Wannan lissafi ba na banza ba ne. Siraran hanyoyin jini ne ke ciyar da kan ƙashin cinya, ta bayan wuyanshi suke bi, idan ya goce sai su miƙe ko su shaƙe. Shi ya sa likitocin ƙashi ke son a mayar da shi kafin awa shida, don kada ya mutu daga baya.

An soka ƙarfe a ƙashin saman gwiwa, an rataya nauyin kilo 7 a ƙarshen gado, don kan ƙashin ya daina gugar wurin da ya fashe.

Abu ɗaya ya hana ni barci. Na ce, "Kawu, ɗago mani yatsun ƙafarka sama." Ya yi ta ƙoƙari har goshinshi ya yi zufa, ba abin da ya motsa. Ƙasa yana iya dannawa, sama ne babu. Na shafa bayan ƙafar, ya ce kamar ta cikin bargo yake ji. Babbar jijiyar da ke bi ta bayan ƙugu ta gangara har ƙafa ta taɓu.

Alhamis, 16 ga Janairu

An ɗauki hotuna uku na ƙashi, ɗaya kai tsaye, biyu a karkace, sannan aka shigar da shi na'urar siti-sikan mai nuna ƙashi yanka-yanka. Babban likitan ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mani komai, Allah ya saka mashi da alheri.

Ga yadda na bayyana wa Inna da daddare. Na ɗauki ƙoƙon fura da lemo ɗaya, na sa lemon a ciki. Ƙoƙon shi ne gurbin ƙugu, lemon shi ne kan ƙashin cinya. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi gurbin, tun yarinta suke manne wa juna har su zama ɗaya, cikinshi kuma an shafe shi da guringuntsi mai santsi. Duk nauyin mutum ta nan yake wucewa idan ya tsaya. Na Kawu ya tsage gida biyu a kwance, daga gaba zuwa baya, sannan bangon bayan ya farfashe gida uku, ƙaramin ɓallin ƙashi ɗaya ma ya faɗa cikin gaɓar.

Irin wannan karaya tana da suna a littafi. A 1964 wasu likitocin Faransa, Robert Judet da ɗan'uwanshi Jean da ɗalibinsu Émile Letournel, suka fara kasa karayar gurbin ƙugu gida-gida, daga baya Letournel ya kammala rabon zuwa gida goma, biyar masu sauƙin siffa, biyar masu haɗe-haɗe. Har yau da wannan rabon duniya ke aiki, hotunan nan biyu na karkace ma sunan Judet suke ɗauke da shi. Kafin su, yawanci rataya nauyi ake yi a bar mutum a gado makonni, gurbin ya haɗe yadda ya ga dama. Ta Kawu tana cikin biyar ɗin masu haɗe-haɗe.

Amma abin da likitan ya fi daɗewa a kai wani wuri ne da bai wuce faɗin babban yatsa ba, a bakin inda bangon ya ɓalle. Ƙarƙashin guringuntsi ƙashin ba dunƙulalle ba ne, huda-huda gare shi kamar saƙar zuma. Da kan ƙashin cinya zai fita, sai ya danne wannan wuri, saƙar ta murƙushe, guringuntsin ya lotsa ciki. Saƙar zumar da aka matse ba ta tasowa da kanta. Dole a buɗe, a sa ƙarfe a ɗago shi ya dawo daidai da sauran. Idan an ɗago kuma sai a bar rami a bayanshi, in ba a cike ramin ba, ranar da mutum ya taka zai sake rufta wa. Nan ne dashen ƙashi ya shigo. Za a ɗebo ƙashi daga wani wuri a jikin Kawu a cusa a ramin.

Inna ta ce, "To inda aka ɗebo fa?" Na kama hannunta na ɗora a tudun ƙashin da take ɗaura zani a kai. Na ce daga nan ne, wuri ne mai wadata, ana ɗiba ba ya hana tafiya.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ce ranar da ta fi kowace wuya, kuma ba a gadon asibiti aka sha ta ba, a gindin dalbejiya ne wajen ƙofa.

Kawu Babba ya zo daga Daura da mutum uku da mota, da niyyar a ɗauke ɗan'uwanshi a kai wa mai ɗori. Dalilanshi ba na wasa ba ne. Kuɗin aikin ya fi ƙarfin gida. Ya san wanda aka shiga da shi tiyata bai fito ba. Ya kuma tuna mani cewa hannuna na hagu da na karye ina ɗan shekara tara, mai ɗori ne ya gyara shi da kara da tsumma, ga shi da shi nake matsa ƙafafun mutane. Gaskiya ya faɗa. Ban raina masu ɗori ba, ba kuma zan raina su ba.

Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Mai ɗori da hannu yake gani. Ƙashin hannu yana laluba shi ta saman fata, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure. Wannan kuwa yana can ƙarƙashin naman ɗuwawu, ba yatsan da zai kai gare shi, ba karan da zai riƙe shi. Ga ɓallin ƙashi a cikin gaɓar, kamar tsakuwa a dutsen niƙa." Na nuna mashi hoton a waya. Na gaya mashi cewa gurbin zai haɗe ko ba a yi komai ba, ƙashi ba ya ƙin haɗewa, amma da tudu da kwari zai haɗe. Wani likitan Amurka, Joel Matta, wanda ya yi wa ɗaruruwan mutane wannan aiki, a 1996 ya nuna cewa waɗanda aka daidaita masu gurbin har bambancin bai wuce milimita 1 ba su ne suka fi samun lafiyar gaɓa. Ya wuce milimita 3, a wurinshi aikin bai yi kyau ba. Milimita uku ƙwayar dawa ce fa. Ƙwayar dawa a cikin takalmi ma ta ishi mutum, balle a cikin gaɓar da ke ɗauke da shi.

Sai ya ce a gwada ɗorin wata guda, in bai yi ba a dawo. Wannan ita ce maganar da nake tsoro, don ita ce ke kawo mana mutane a makare. Bayan mako uku sabon ƙashi ya fara kama gutsattsarin a inda suke, sai likita ya sake fasawa kafin ya gyara, sakamakon kuma ba ya kai na wanda aka yi da wuri. A nan ba a cin kasuwa sau biyu.

Inna ce ta raba gardamar. Ita ce babbarsu. Ta ce, "Yaron nan mai ciwon ne da kanshi ya koyar da shi. Yau in ya ce ga hanya, a bi." Kawu Babba ya yi shiru, can ya ce a sayar da shanun huɗa.

Litinin, 20 ga Janairu

An sayar da shanun biyu. An sayo faranta na ƙarfe da kusoshin da za a ɗaure ƙashin da su. Mutum huɗu daga majalisar Kawu suka zo aka gwada jininsu, aka ɗebi leda uku. Sukari da hawan jini lafiya. Kullum ana yi mashi allura a fatar ciki don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, haɗarin da ke bin duk mai karayar ƙugu da ke kwance. Da ba a samu mai yin aikin a nan ba, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano za mu nufa, wanda ke wannan hidima tun 1959. Allah ya hutar da mu tafiyar. Gobe da safe.

Laraba, 22 ga Janairu

Alhamdu lillahi. An shiga da shi ƙarfe tara saura, an fito ƙarfe biyu da rabi. An ƙara mashi jini leda biyu.

Ban shiga ba, ba hurumina ba ne, kuma ko an ce in shiga ba zan iya ba. Likitan ne ya ba ni labari yana cire hular tiyata. A gefen hagu aka kwantar da shi, aka tsaga daga saman ɗuwawu aka gangaro gefen cinya, tsawon ya ɗara taƙi. Wannan hanya ta baya ita ake kira Kocher-Langenbeck. Duk tsawon aikin akwai mai riƙe da gwiwar a lanƙwashe, don jijiyar nan ta yi sako-sako kada a ƙara mata rauni. Ya gan ta da idonshi: ta ƙuje, ta yi jini-jini, amma ba ta tsinke ba. Da ya faɗi haka sai da na nemi bango na jingina.

Suka wanke gaɓar, suka ciro ɓallin da ya faɗa ciki. Suka jawo tsagar nan ta kwance suka haɗe bakinta, suka ɗaure da faranti. Sai wurin da ya lotsa. Ya ce da siririn kurfi ya shiga ƙarƙashinshi, ya ɗago shi tare da ɗan ƙashin da ke manne da shi, a hankali, yana jingina shi da kan ƙashin cinya, don kan shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya: duk inda guringuntsi ya kwanta lif a kanshi, nan ne mazauninshi na asali. Ramin da ya bari ya kai a sa goro ƙarami. Suka yi wata 'yar tsaga a tudun ƙugu ta gaba, suka buɗe ƙashin kamar murfi, suka kwarfo na cikin mai jini da ɓargo, suka cusa a ramin suka danna har ya cika tam. Sannan aka mayar da gutsattsarin bangon kamar ana rufe ƙofa, aka kwantar da faranti na biyu a kansu, aka ɗaure sama da ƙasa. Faranti biyu, kusoshi 13.

Me ya sa nashi, ba na wani ba? A wasu ƙasashe akwai ma'ajiyar ƙashi kamar yadda muke da ma'ajiyar jini, akwai kuma na haɗi da kamfanoni ke yi. Amma ba abin da ya kai na jikin mutum. Jiki ba ya ƙin shi, ba ya kawo cutar wani, kuma da 'ya'yan halittarshi masu gina ƙashi yake zuwa. Farashinshi shi ne ciwo na biyu. Da Kawu ya farfaɗo sosai, ba babban yankan ya nuna mani ba, ƙaramin ya dafa ya ce, "Ɗana, nan me suka yi mani?"

Asabar, 25 ga Janairu

An cire robar da ke zuƙe jini daga ciwon. Jiya ya zauna a bakin gado, jiri ya kwashe shi, muka mayar da shi. Yau ya tsaya da keken koyon tafiya, daƙiƙa kamar ashirin. Nan aikin likita ya ƙare, nawa da na gida ya fara.

Ga dokokin, kuma na roƙi duk mai zuwa dubiya ya riƙe su. Mako 12 ba zai ɗora nauyi a ƙafar dama ba, sai dai ya ajiye ta a ƙasa ta taɓa kawai. Ba zai naɗe cinya ta matso ciki fiye da zaman kujera ba. Ba zai harɗe ƙafa ba, ba zai juya ta ciki ba. In zai kwanta a gefe, matashi a tsakanin gwiwoyi. Kada kowa ya sayo mashi maganin ciwon jiki a kyamis, don akwai fargabar irin su diklofenak suna jinkirta haɗuwar ƙashi. Abin da likita ya rubuta kawai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An cire zare shekaranjiya, ciwo biyun a bushe, ba ruwa ba mugunya. Jiya muka kawo shi Daura, a kwance a bayan mota, da matasai ta ko'ina.

Kwana uku na yi ina gyaran gida kafin ya iso, don gidan Bahaushe kusan komai a ƙasa ake yi: zama a tabarma, ci a tabarma, alwala a tsugune, masai a tsugune, barci a katifar ƙasa. Duk waɗannan yanzu haramiyarshi ne. Kafinta ya ɗaga ƙafafun gado da katako har bakin katifa ya kai saman gwiwar Kawu. Ya samu kujerar katako mai hannu ya huda tsakiyarta, muka ɗora a kan masai. Dokin ƙofar ɗaki muka fasa muka shafe da siminti. Tabarmin tsakar gida duk an naɗe, kada keken ya sarƙe. Awakin matar Kawu an ɗaure su a baya.

An yi mashi takalmin roba mai riƙe tafin ƙafa a miƙe, don kada agara ta ƙanƙance kafin jijiyar ta farfaɗo. Na koya wa taubashina, babban ɗan Kawu, yadda zai riƙa lanƙwasa idon sawun sau uku a rana, da yadda zai duba diddige da gadon baya saboda gyambon kwanciya. Abinci kuma wake, ƙwai, nono, zogale, kifi in an samu, da hantsi a tsakar gida. Ni Juma'a da yamma zan riƙa zuwa in koma Litinin da asuba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Jiya da safe taubashina ya kira ni murya na rawa. Ya tashi da asuba ya tarar da Kawu a tsaye kan ƙafa biyu, keken na gefe, ya kabbara salla. Da aka matsa, sai ya ce kwana huɗu ke nan yana yi.

Na baro aiki na taho. Raina a ɓace yake, amma da na shiga na gan shi sai tausayi ya rufe ni. Mutumin da tun balagarshi bai san sallar zaune ba. Ya ce, "Ba na jin ciwo, ɗana. In da bai warke ba ai da na ji."

Wannan ita ce yaudarar wannan karaya, kuma ina so duk mai jinyar irinta ya ji. Rashin ciwo aikin faranti ne, ba shaidar warkewa ba. Ƙarfe ya hana gutsattsarin motsi, shi ya sa ba zafi. Cikon da aka yi kuwa har yanzu ɗanye ne. Na ce mashi ya tuna dangar kara da kabewa ke bi. Ƙashin da aka dasa danga ce. Yawancin 'ya'yan halittarshi ba sa rayuwa bayan an ciro shi, sai dai sababbin hanyoyin jini su yaɗo daga gefe su ratsa hudojin, jiki ya riƙa cinye tsohon yana gina sabo a gurbinshi, kaɗan-kaɗan, har wata rana ba sauran abin da aka dasa sai ƙashi mai rai. Wannan aiki watanni yake ci. A tsakiyarshi kuma, lokacin da an fara rushe tsohon ba a gama gina sabon ba, wurin ba shi da ƙarfin ɗaukar mutum mai kilo 70. In ya rufta, ba a cika samun damar ɗago shi karo na biyu ba.

Bai ce komai ba. Na san maganata ta ɗa ce, ba ta isa ita kaɗai ba. Na je na roƙi limamin masallacin unguwa, abokin karatun allonshi, ya zo bayan isha'i. Ya karanto mashi hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarta da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefenshi. Ya ce mashi wanda tsayuwa za ta ɓata wa magani yana cikin waɗanda ba su iya ba. Kawu ya share hawaye ya ce ya ji.

Yau muka je aka ɗauki hoto. Ba abin da ya gusa. Na yi sujadar godiya a barandar asibiti.

Na sayo sikelin awon nauyi na ajiye a ɗakin. Ya tsaya da keken, ƙafar hagu a kan katako mai tsayi ɗaya da sikelin, ta dama a kan sikelin, yana kallon allurar. In ta wuce 10 in ce ya sassauta. Muka yi ta yi har ƙafar ta haddace. Shi da kanshi ya samo kwatancin: kamar mai gwada zafin rairayi da tsakar rana.

Talata, 4 ga Maris

Mako shida cif. Layin tsagar ya fara dushewa a hoto, tazarar gaɓar tana nan daidai da ta hagu, kan ƙashin a zagaye. Likita ya nuna mani wani ɗan farin gajimare a cikin naman saman gaɓar. Ƙashi ne ke tsirowa inda ba muhallinshi ba, abin da kan biyo bayan aikin da aka bi ta baya. Ƙarami ne, bai tare motsi ba, za a sa mashi ido.

Azumi ya kama tun Asabar. Likita ya ce zai iya, tunda magungunan sun ragu zuwa na safe da dare, da sharaɗin ruwa mai yawa tsakanin buɗa baki da sahur. Mun mayar da motsa jiki bayan tarawihi. Ya bar keke ya koma sanduna biyu.

Yatsu har yau shiru.

Alhamis, 27 ga Maris

Na ɗauki hutu na taho tun jiya. Bayan an sha ruwa na cire mashi takalmin roba kamar kullum, na ɗora diddigen a cinyata, na haska fitilar waya. Na ce, "Kawu, sama." Na faɗi wannan kalma ya fi sau ɗari tun Janairu.

Agarar da ke bin bayan babban yatsa ta taso ƙarƙashin fata kamar zaren da aka ja, yatsan ya ɗan girgiza, ya koma. Na ce ya sake. Ta sake tasowa. Na kira matar Kawu, na kira Inna, muka durƙusa mu uku a kan ƙafa ɗaya muna kallo, shi kuwa yana tambaya, "Ya motsa? Ku gaya mani, ya motsa?" Inna ta rangaɗa guɗa cikin dare, har maƙwabta suka leƙo.

A ma'auninmu na ƙarfin tsoka, daga 0 zuwa 5, wannan 1 ne kawai. Amma ga abin da ya sa na kasa barci don murna. Jijiyar da zarenta ya mutu, in za ta sake tsirowa, kimanin milimita 1 take yi a rana. Daga ɗuwawu zuwa tsokar ƙasan gwiwa tafiyar fiye da shekara ce. Tunda saƙo ya iso cikin mako goma da 'yan kwanaki, wasu zaruruwan ba su mutu ba ke nan, suma suka yi.

Lahadi, 30 ga Maris

Salla. Bai je idi ba, turmutsutsun ya yi yawa. Ya sa sabuwar shadda ya zauna a kan doguwar kujerarshi a zaure, jama'a na shigowa gaisuwa. Kawu Babba ya zo, ya sa aka cire takalmin roba, ya ga yatsan da idonshi. Ya daɗe riƙe da ƙafar ƙanen nashi yana addu'a.

Laraba, 16 ga Afrilu

Jiya mako 12. Tsagar ta ɓace a hotuna ukun. Inda aka yi cikon ya saje da ƙashin gefenshi, sai da likita ya sa bakin biro kafin na gane wurin. Ba lotsawa. An ba da izinin fara ɗora nauyi, a hankali, a ƙara duk mako.

Na tambayi likita a gaban Kawu abin da ke gaba, don ba na so a ɓoye mashi. Ya ce abu biyu ba a gama da su ba. Kan ƙashin cinya yana iya nuna alamar mutuwa ko bayan shekara ɗaya ko biyu, duk da an mayar da shi da wuri, don haka hoto zai ci gaba. Guringuntsin da ya sha duka kuma yana iya zaizayewa da shekaru, ya kawo ciwon gaɓa. A 2012 Matta da abokan aikinshi sun bibiyi mutum fiye da 800 da aka yi wa wannan aiki, suka samu kashi 79 cikin ɗari suna tare da gaɓarsu ta asali bayan shekara 20. Sauran sai da aka sake masu aiki, yawanci aka sa gaɓar ƙarfe. Wanda ya haura arba'in, kuma guringuntsinshi ya lotsa, yana cikin waɗanda aka fi sa wa ido, Kawu kuwa ya haɗa biyun. Amma ko ta kai ga haka, in ji shi, gurbin da aka gyara aka cike ya fi sauƙin karɓar gaɓar ƙarfe nesa ba kusa ba fiye da wanda aka bari a wargaje.

Kawu ya ce, "Gona fa?" Likita ya ce bana dai a tsaye a bakin gona, da sanda, yana nuni.

Lahadi, 4 ga Mayu

Sikeli ya kai kilo 45. Daga zaure zuwa masallaci taki 140 ne, yana zuwa azahar da la'asar da sanduna biyu, kujerarshi na jiran shi a ƙarshen sahu. Idon sawu ya kai 3, yana ɗaga tafin da kanshi amma in na danna da yatsa biyu sai ya faɗi, don haka takalmin roba na nan in zai fita. Bayan ƙafar har yanzu da sauran dundumi. Ƙaramin ciwon tudun ƙugu ya daina damun shi sai in ya ɗaure tazuge a kai.

Abin da ya rage mani babba shi ne tsokar gefen ɗuwawu. Ta rame ƙwarai, in ya tsaya kan dama sai ƙugun hagu ya zube, jiki ya karkata. Kwance a gefe yana ɗaga ƙafar sau 8 kafin ta fara rawa. Ina so ta kai 15 sau uku kafin in karɓe sanda ɗaya. Ban yarda ya sauka ƙasa don sujada ba tukuna, sai likita ya gani.

Taubashina ya gama sharar gona ya kai taki, mun yi magana da mai shanun da zai yi mana huɗa in ruwa ya sauka. Gobe za mu gwada kilo 55. Komawa asibiti Talata, 27 ga Mayu, da sabon hoto.